Amsoshin tambayoyinku: katun ɗin gimbiyoyi masu waƙa da aljihun iyaye

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, katun ɗin nan na 'ya'yan sarakuna masu waƙa da yara suka haddace fiye da karatun makaranta, to bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni uba ne mai 'ya'ya mata uku, ina zaune a Abuja. Na ga ana ta yaɗawa wai Moana 2 ya kawo sama da dala biliyan ɗaya, Frozen 2 ma har ya fi haka, shi ne na ce ko su zan biya in saya musu tunda ai abin da duniya ta yi rububi a kai ba zai zama na banza ba. Ya kika gani?

Amsa: Malam, lissafin da ka gani gaskiya ne. Frozen na farko da ya fito a 2013 an kashe masa wajen dala miliyan 150, ya dawo da kusan dala biliyan 1.28, na biyu a 2019 ya kai kusan biliyan 1.45, Moana 2 kuma da ya fito ƙarshen 2024 ya haura biliyan ɗaya. Amma fa abin da lambar nan take gaya maka kawai shi ne yawan waɗanda suka yanki tikiti, kuma a fim na biyu mutane suna yankar tikiti ne saboda daɗin na farkon da suka ji, tun ba su san abin da ke ciki ba.

Ɗauki Moana 2 ɗin da ka ambata. Asalinsa ba fim ɗin sinima ba ne, shiri ne mai dogon zango da aka tsara za a riƙa sakawa a Disney+, manhajar kallon finafinai ta kamfanin Disney, sai a farkon 2024 shugaban kamfanin Bob Iger ya sanar an mayar da shi fim, kuma wallahi in ka zauna ka kalla za ka ji alamar haɗin, abokan tafiyar da aka haɗa yarinyar Moana da su a jirgin ruwa ba a ba su wani lokaci ba, labarin ya yi ta tsalle. Lin-Manuel Miranda da ya sa hannu a waƙoƙin na farko bai dawo ba, kuma ka tambayi yaranka su rera maka waƙa ɗaya daga na biyun ka gani. Shi Moana na farko na 2016 ko dala miliyan 700 bai kai ba a sinima, amma a wurina ya fi na biyun nesa ba kusa ba. To daga ina biliyan ta fito? Shekara takwas yara suka yi suna maimaita na farkon a gida, har kamfanin Nielsen mai ƙididdige masu kallo ya ce shi ne fim ɗin da aka fi kallo ta intanet a Amurka a 2023, shekara bakwai bayan fitowarsa, kenan masu kallo a shirye suke tun kafin a buɗe ƙofa.

Sannan irin finafinan nan akwai dabarar da ke sa kuɗinsu ya kumbura. Yaro ba ya zuwa sinima shi kaɗai, yarinya ɗaya in ta nace to tikiti uku ko huɗu kenan da uwa da uba da ƙanne, kuma yawanci ƙarshen Nuwamba ake sakinsu lokacin hutun godiya na Amurkawa su zarce har hutun Kirsimeti. Sai uwa uba waƙa. Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kannywood ba sai an yi mana dogon bayani ba, waƙa ce ke jan mutum ya koma. Waƙar Let It Go ta cikin Frozen ta ci kyautar Oscar, kundin waƙoƙin Frozen ya yi mako 13 a saman jadawalin waƙoƙi na Billboard a Amurka, a Japan kuma fim ɗin ya yi mako 16 a jere yana na ɗaya. Wannan ba labarin ne kaɗai ya yi shi ba, yara ne suke cewa a sake kai su.

Shawarata ka fara da na farko-farkon, Moana na 2016, Frozen na 2013, ka ƙara da Tangled na 2010 wanda bai kai dala miliyan 600 ba amma ya fi wasu masu biliyan ban dariya da tsari. In sun ƙare suna neman ci gaba sai ka duba na biyun. Kuma kafin ka biya kuɗin mallaka duba ko haya ta fi sauƙi, sai dai in ka san yaranka irin masu kallon abu ɗaya kullum ne har kowa a gidan ya gaji, to nan kam saye ya fi.

Tambaya: Anti don Allah ki taimaka, 'yata za ta cika shekara biyar ta ce ita dole sai rigar Elsa ta fim ɗin Frozen da 'yar tsanarta mai waƙa. Na duba a Instagram wata na sayarwa da tsada ta ce orijinal ce daga waje, a kasuwa kuma na ga mai araha sosai. Wacce zan saya? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: 'Yar uwa ba ke kaɗai ba ce, a 2014 Disney da kansu suka ce sun sayar da rigunan Elsa da Anna sama da miliyan uku a Arewacin Amurka cikin ƙasa da shekara ɗaya. Kuma ba haɗari ba ne aka yi. Wajen shekarar 2000 wani jami'in kamfanin mai suna Andy Mooney ya je kallon wasan Disney na kan ƙanƙara ya ga yara mata sanye da rigunan gimbiyoyi da iyayensu suka ɗinka musu a gida, ya ce tab, ga kuɗi na wucewa ta gabanmu, daga nan aka haɗa gimbiyoyin wuri ɗaya aka mayar da su tambarin kasuwanci. Elsa da Anna ma ba sa cikin wancan jerin a hukumance, saboda su kaɗai sun isa kasuwa. Don haka kukan da 'yarki take miki an yi lissafinsa a ofis tun kafin a haife ta.

Batun riga ni dai ba zan ba ki shawarar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Har ta orijinal ɗin yawanci yadin roba ce, ga raga mai ƙaiƙayi a hannu ga ƙyalƙyali da ke zuba ko'ina, an yi ta ne don ƙasar sanyi, ki saka wa yarinya ita a zafin Kano kafin a yanka kek ta fara kuka tana jan wuya a cire mata. Ki sauke hoton a waya, ki shiga Kantin Kwari ki samo yadi ruwan sararin samaniya da 'yar raga mai laushi ta mayafin baya, ki kai wa telanki ki ce ya sa shafi na auduga a ciki, ya yi hannu dogo yadda kike so, ya bar ɗan sarari a ƙugu da tsawo don ta sake sawa da salla. Ki yi mata kitso jela ɗaya a gefe, shi kenan ta zama Elsa, yara ba sa duba tambari.

'Yar tsana kuwa nan ne zan ce ki buɗe ido. Kamfanin Mattel ne ke da lasisin yin su tun 2023, kafin nan daga 2016 Hasbro ne, don haka in mai sayarwar ta ce orijinal ce ki ce ta turo miki hoton kwalin gaba da baya, za ki ga sunan Disney da na kamfanin da ya yi ta da gargaɗin shekaru. In babu to ta kasuwa ce aka ninka miki kuɗi. Ta kasuwar kuma ki riƙe ta a hannu kafin ki biya, ki shinshina, in warin roba ya buge ki ki ajiye, ki goga yatsa a fuskar ki ga ko fentin na fita, ki ja gashin da takalmin. Abin da ya fi damuna shi ne mai waƙar, domin da yawa ƙaramin batir ne a ciki irin na agogo, in murfin ba da sukuru aka ɗaure shi ba kada ki kai shi gidan da ke da mai rarrafe, haɗiye batirin nan na iya ƙona maƙogwaron yaro cikin 'yan awanni. Mara waƙar ta fi kwanciyar hankali, ai mai rerawar tana gidanki.

Tambaya: Anti ni matashi ne na iya zane kuma ina ɗan taɓa katun a waya. Da na ga kuɗin da ake samu sai na yi tunanin in sayar da filin da na gada in sayi kwamfuta mai ƙarfi in yi katun na Sarauniya Amina mai waƙoƙi. Abokaina na cewa na haukace.

Amsa: Ƙanina ba ka haukace ba, amma ka bar filin nan inda yake. Kai biliyan ka gani, ba ka ga waɗanda suka faɗi ba. Wish da Disney suka fitar a 2023 don bikin cikarsu shekara 100, da waƙoƙi da komai, an kashe masa kusan dala miliyan 200 ya kawo wajen miliyan 255, kuma kada ka ce ai an ci riba, gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da ba ya cikin wancan lissafin, asara ce tsagwaronta. Tun da can ma haka abin yake. Snow White na 1937 mutane dariya suka riƙa yi wa Walt Disney har sai da ya jinginar da gidansa, Allah ya taimake shi fim ɗin ya kawo wajen dala miliyan 8 a fitowar farko, Cinderella ya ceto kamfanin a 1950, amma Sleeping Beauty na 1959 da ya ci dala miliyan 6 bai mayar da kuɗinsa ba a lokacin, daga nan sai da aka yi shekara 30 ba su koma tatsuniyar gimbiya ba sai The Little Mermaid a 1989. Kuma abin da ya farfaɗo da su a lokacin shi ne ɗauko Howard Ashman da Alan Menken, mutanen wasan dandamali, waɗanda suka sa waƙa ta riƙa tura labari gaba maimakon a tsaya a yi waƙa a dawo. Wannan shi ne abin da ya kamata ka kwaikwaya, kuma ba ya buƙatar fili.

Manhajar Blender ta yin katun kyauta ce, da ita aka yi Flow, wani katun daga ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025 a gaban manyan kamfanoni. Ka samu kwamfuta ta hannu mai ɗan ƙarfi daidai aljihunka, ka nemi mawaƙi ɗaya mai murya, ku yi waƙa ɗaya ta minti uku da katun ɗinta ka saka a YouTube da TikTok. In ka ji yaran unguwa na rera ta ba tare da ka roƙe su ba to ka dawo mu yi maganar mataki na gaba. Kuma ka tuna a nan yawancin masu kallo ta wajen masu tura fim a waya za su same shi, ba wanda zai yanki tikiti, don haka lissafin Amurka ba zai yi maka aiki ba ko kaɗan.

Tambaya: Anti wanne ne babu abin da zai ɓata tarbiyya a ciki? Ni ba na son soyayya da tsafi.

Amsa: Hajiya gaskiya wanda babu ko ɗaya a cikin biyun da wuya. Moana babu soyayya sam, ba saurayi ba aure, amma labarin ya ginu ne a kan gumakan mutanen tsibiran Pasifik, akwai Maui da ake cewa rabinsa abin bauta ne, to sai kin zauna kin yi wa yaro bayani. Frozen akwai sihirin ƙanƙara da sumba ɗaya a ƙarshe, sai dai ni ina son inda yayar ta hana ƙanwar auren mutumin da ta haɗu da shi a ranar, kuma daga baya ya tabbata macuci ne. The Princess and the Frog na 2009 akwai boka da inuwoyi masu ban tsoro, ƙananan yara na iya firgita da dare. The Little Mermaid kuwa yarinya ce ta bijire wa mahaifinta ta ba mayya muryarta saboda namijin da ko magana ba su taɓa yi ba, ga shigar ba ta da yawa, ni shi nake ajiyewa sai sun girma. Ki fara kallo ke kaɗai da dare, awa ɗaya da rabi ne yawancinsu.

Wani kuma ya tambaya ko waɗanda aka sake yi da mutane na gaske sun fi katun ɗin. Beauty and the Beast na 2017 da Aladdin na 2019 kowanne ya haura dala biliyan ɗaya, Snow White na 2025 kuma da ƙyar ya wuce miliyan 200 duk da an kashe masa fiye da haka. Sun fi tsawo, kusan awa biyu ko fiye, yaro ɗan shekara biyar ba zai zauna ba, kuma waƙoƙin da ake so ɗin dai na tsohon ne aka sake rerawa. Ka sayi katun ɗin.