Tambaya da Amsa: Fentin fasha bod a kan tsani

TAMBAYA: Salam Malam, daga Rigasa nake rubutowa. Fentin fasha bod ɗin gidana (wato katakon da ke zagaye da bakin rufi) da na bakin tagogi duk ya ɓaɓɓare, mai fenti ya yanko min kuɗin da wallahi ba zan iya ba, shine na aro tsanin maƙwabcina zan yi da kaina, toh ranar da na gwada gwangwani a hannu ɗaya buroshi a ɗaya saura ƙiris in faɗo. Dan Allah akwai wata dabara?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Matsalarka gwangwanin nan ne, mutum baya hawa tsani hannu biyu duk a cike. Ka samu ƙaramar jarka ka yanke samanta ka bar mariƙin, ka zuba fenti kamar rabi kawai, sai ka lanƙwasa guntun rodi siriri ya zama ƙugiya ka rataye jarkar a matakin tsani, in ba ka iya lanƙwasawa masu walda a Panteka minti biyu za su yi maka. Kaga hannu ɗaya na riƙe da tsani, ɗaya na aiki.

Shi kuma tsanin, in inda ya jingina ya kai ƙafa 12 daga ƙasa, gindinsa ya ja baya ƙafa 3 daga bango, wato ɗaya bisa huɗu. Ya miƙe da yawa ya tafi da kai baya, ya kwanta da yawa ya zame. Ka tokare gindin da buhun yashi, ballantana kan tayil ko siminti mai santsi, kuma babba ya riƙe maka, ba yaron da zai ga ana buga ƙwallo ya sake ka ba. Kan tsanin ka naɗe shi da tsumma kar ya kankare bango. Kar ka jingina da fasha bod ɗin kansa, sau da yawa gara ko ruwa sun cinye cikinsa fenti ne kawai ya rufa masa asiri, kuma ɗora tsani kan bulo ko durom don ya ƙara tsawo, wannan kam a'a.

Lungun da hannu bai kai ba ka ɗaure buroshi a sandar mofa, amma ka fara duba inda wayar Nepa ta shigo gidan, musamman in tsanin na ƙarfe ne.

Ka kankare tsohon fentin da samfefa, ka toshe ramuka da foti, ka sa fenti mai mai ba na ruwa ba, shafi biyu, na biyun sai washegari. Lokaci kuma ka bari ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta sauko ta manne a ɗanyen fentin.