Tambaya da Amsa: Shin Ana Kiwon Macijin Garta a Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin birnin Winnipeg ne a ƙasar Kanada. Ɗana mai shekara 12 ya ga hoton wani maciji mai jan kai da shuɗin ciki a intanet, ya nace sai na saya masa, yana cewa irinsa ba ya cutarwa. Mahaifiyarsa kuwa ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da maciji ba. Wane irin maciji ne wannan, kuma da gaske ana kiwonsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Siffar da ka bayar ta fi dacewa da macijin garta na San Faransisko, wanda kansa ja ne mai sirkin ruwan goro, cikinsa shuɗi mai sirkin kore, sannan zane-zanen ja da baƙi sun bi tsawon jikinsa. Yana cikin dangin da masana ke kira Thamnophis, waɗanda suka bazu daga Kanada har zuwa Amurka ta Tsakiya. Shi wannan mai ado ba shi da mazauni a daji sai wani ɗan yanki na jihar Kalifoniya, musamman gundumar San Mateo, inda yake zama a bakin tafkuna da fadamu yana farautar kwaɗi. Tun shekarar 1967 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa, saboda gine-gine da noma sun cinye fadamunsa, masu kama shi don kyansa kuma suka ƙara rage shi. Kama shi ko sayar da shi laifi ne a can, don haka shawarata ita ce ku cire shi daga lissafi.

Abin sha'awa shi ne ɗan uwansa na kusa, mai jan gefe, yana maƙwabtaka da ku. A yankin Narcisse, kimanin kilomita 130 arewa da Winnipeg, dubun-dubatar waɗannan macizai suna shafe lokacin hunturu a cikin ramukan duwatsu, can ƙasa inda ƙanƙara ba ta kaiwa. Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa cikin Mayu sai su fito gaba ɗaya, maza da dama su nannaɗe mace ɗaya domin barbara, kafin su watsu cikin fadamu neman abinci. Hukumomi sun ma yi musu ƙananan hanyoyi a ƙarƙashin titi domin rage yawan waɗanda motoci ke takewa. Da ni ne, can zan fara kai yaron ya gan su da idonsa, domin sha'awar hoto daban take da ta abu mai rai.

Maganar yaron cewa ba ya cutarwa tana da gaskiya, amma da sauran bayani. Macijin garta yana da ɗan dafi mai rauni a yawunsa wanda yake taimaka masa wajen rinjayar kwaɗo ko kifi, kuma idan ya ciji mutum abin ba ya wuce ƙaiƙayi ko ɗan kumburi a mafi yawan lokuta. Makaminsa na gaske shi ne wani ruwa mai ɗoyi da yake fitarwa idan an tsorata shi. Ba ya yin ƙwai kamar yawancin macizai, macen tana haifar 'ya'ya ne da ransu, sau da yawa tsakanin 10 zuwa 40 a haihuwa ɗaya, kuma tsawon babba ba ya cika wuce mita ɗaya.

Ana kiwon nau'o'in da ba su cikin haɗari, amma sai ka fara bincika dokar birninku da ta lardi, sannan ka saya daga masu hayayyafa su a gida, domin wanda aka kamo daga daji yakan zo da tsutsar ciki kuma yakan ƙi cin abinci. Haka kuma yardar uwargida sharaɗi ce, tun da dabbar tana iya kaiwa shekara 10 a hannun mai kula, kuma duk ranar da yaro ya gaji, aikin kan iyaye zai koma. Ana ajiye shi a akwatin gilashi wanda tsawonsa bai gaza na macijin ba, mai murfi da ke kullewa sosai, saboda ƙaramar kafa ta ishe shi ya sulale. A ɗumama gefe ɗaya zuwa kusan digiri 30 a ma'aunin Salshiyos, a bar ɗaya gefen a wajen digiri 22 zuwa 24, domin maciji ba ya iya daidaita zafin jikinsa sai ta hanyar sauya wuri. A sa masa wurin ɓuya da kwanon ruwa da zai iya shiga, amma shimfiɗarsa ta kasance a bushe, domin damshi yana jawo masa ƙuraje a fatar cikinsa.

Inda masu kiwo suka fi yin kuskure shi ne abinci, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Saboda macijin yana son kifi, mutane sukan sayo masa ƙananan jajayen kifayen ado da ake sayarwa da araha. Waɗannan kifaye suna ɗauke da wani sinadari mai suna tayamines wanda ke lalata bitamin B1 a jiki, kuma idan aka daɗe ana ba shi su sai macijin ya fara karkarwa, ya riƙa karkatar da kai, ya kasa tafiya daidai, har ya mutu idan likitan dabbobi bai yi masa allurar bitamin ɗin da wuri ba. Abin da ya fi shi ne a haɗa masa manyan tanoni, da yankan kifin tilapiya ko salmon, da jariran ɓeraye da aka daskarar aka narkar, domin ɓerayen ne ke ba shi ƙashi da kayan ciki gaba ɗaya. A guji jajayen tanonin da ake haɗa takin gargajiya da su, saboda suna yi masa lahani. Babba yana ci kamar sau ɗaya ko biyu a mako, ƙarami kuwa ya fi haka. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi wajibi ne, domin macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi.

Akwai kuma gargaɗin da ya kamata yaron ya ji kafin ku zo hutu gida. Macizan Thamnophis ba su rayuwa a dajin Afirka, saboda haka kada sabo da na akwati ya sa ya kai hannu ga wanda ya gani a gona ko bayan gida. Kububuwa ƙarama ce, ba ta ma kai garta tsawo ba, amma saranta yana hana jini daskarewa, kuma ita ce ke kai mafi yawan majinyata asibitin saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe.