Me ya sa a kan gishiri ake gwada gudun babur?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya hana a yi wannan gudun a kan kwalta. Ai ko hanyarmu ta Katsina zuwa Daura ka duba, ga kwana, ga dabbobi na tsallakawa, ina babur zai saki jiki? Filin Bonneville kuwa, a jihar Yuta ta Amurka, tsohon tafki ne da ya ƙafe, gishirin ya daskare ya shimfiɗu kamar daɓe, nisan kilomita da yawa. A can wani matuƙin babur mai suna Rocky Robinson ya yi kilomita 605 a awa a 2010, cikin dogon babur rufaffe mai injin Suzuki Hayabusa biyu. Abin ya burge ni ƙwarai. Kuma FIM, hukumar tseren babur ta duniya, ba ta karɓar zuwa ɗaya wajen tabbatar da gudun da ka yi: sai ka je ka dawo cikin awa biyu, a ɗauki matsakaici, don kada iska ta taimaka maka.