Madarar akuya, ƙwai da gyaɗa: yaushe jariri zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Tawa, ɗana na fari wata 4 gare shi. Uwar mijina ta ce nonona ba ya isar sa da wannan zafin, a riƙa ƙara masa ruwa da madarar akuya. Yayata da ke Yamai kuma ta ce kada ya ɗanɗana ƙwai ko gyaɗa sai ya shekara 2, tunda babansa na da asma, kada borin jini ya kama shi. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ƙaunar yaron ce ta sa su biyun magana, amma ina roƙon ki kada ki bi ko ɗaya.

Jariri yana zuwa duniya garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba, kuma a hanji take yin mafi yawan koyonta. Nononki yana ɗauke da wani sinadarin kariya da ake kira IgA, wanda ke shafe bangon hanji ya hana ƙwayoyin cuta maƙalewa. Jikinki ne ke ƙera shi daidai da cututtukan da kike cin karo da su a cikin gidan nan da yaron yake kwana, kuma dakashin kwanakin farko ya fi yawansa. Akwai kuma wasu nau'o'in sukari a nonon uwa da jariri ba ya iya narkarwa. Abincin ƙwayoyin halitta ne masu amfani da ke zaune a hanjinsa. Idan suka yawaita sai su hana miyagu wuri, su kuma taimaka wa garkuwar ta koyi bambanta abinci da cuta. Borin jini da ke biyo bayan cin wani abu kuskuren wannan bambancewar ne: jiki ya ɗauki ƙwai ko madara a matsayin abokin gaba.

Madarar akuya ba ta yin wannan aiki. Gishirinta da furotin ɗinta sun yi wa ƙodar ɗan wata 4 nauyi, sinadaran gina jini kuma sun yi ƙaranci a cikinta, ga cututtukan da ɗanyar madara ke ɗaukowa daga dabba. Batun ƙishirwa kuwa, kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne. Ko a zafin Afrilu da Mayu, ki yawaita ba shi mama, ke ki sha ruwan. In yana fitsari sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa na hawa a wurin awo, nonon ya isa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Kariyar nono daga zawo da ciwon haƙarƙari tabbatacciya ce, amma shi kaɗai ba ya ba da tabbacin hana asma ko borin jini.

Maganar yayarki, a can baya, shawarar likitoci ce. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a jinkirta gyaɗa har shekara 3 ga yaran da ke da gadon irin wannan larura, ta kuma janye shawarar a 2008. A 2015 aka fitar da sakamakon wani bincike na Landan a kan jarirai 640 masu matsanancin ƙaiƙayin fata ko waɗanda jikinsu ya ƙi ƙwai. Waɗanda suka fara cin gyaɗa tsakanin wata 4 da 11, aka ci gaba da ba su, haɗarin jikinsu ya ƙi ta ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Jinkirin da ake zaton kariya ne bai kare kowa ba.

Don haka da ya cika wata 6, ki dama ɗan tunkuza mai laushi a kunun geronsa. Bayan kwana 2 ko 3 ki gwada ƙwai da ya dahu sarai, kaɗan, da safe, don ki ga yadda zai yini. In ya karɓa, ki riƙa ba shi a kowane mako. Kada a ba shi ƙwayar gyaɗa, tana shaƙe yaro, mai fumfuna kuma a zubar. Zuma da madarar sha ta saniya ko akuya sai ya shekara, a tafasa madarar. Ke ma ba sai kin ƙaurace wa ƙwai ko gyaɗa ba don kina shayarwa.

In fatarsa na bushewa da ƙaiƙayi mai tsanani, ki fara nuna shi ga likita kafin gwajin. In kuma bayan cin wani abu leɓɓansa ko idonsa suka kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu, ya yi ta amai ko numfashinsa ya sarƙe, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ranar awo mai zuwa ki roƙi Inna, uwar mijinki, ta raka ki, ta ga kilonsa da idonta, ungozoma ta yi mata bayani.