Amsa ga mai tambaya kan hawan doki ga yaro mai sandarewar gaɓoɓi

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara biyar yana da larurar ƙwaƙwalwa da ke sandarar masa da ƙafafu, kuma kina tambaya ko hawan doki zai amfane shi. Zai iya amfanarsa, amma ba magani ba ne, ƙari ne a kan gashin ƙashin da ake yi masa a asibiti.

Amfanin yana cikin tafiyar dokin. Doki na yin taku kusan 100 a minti guda, kowane taku yana juya ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, kusan yadda ƙugu ke yi idan mutum na tafiya da ƙafarsa. Dole tsokokin ciki da na baya su yi ta aiki don yaron ya zauna daram. Shi ya sa ake yawan ajiye sirdi, a shimfiɗa mayafi mai kauri a ɗaure da majayi mai mariƙi, ɗumin jikin dokin ya ratsa cinyoyin su saki.

Ki fara da likita. Idan kwatangwalo ya goce, ko ƙashin baya ya karkace sosai, ko akwai farfaɗiyar da magani bai riƙe ba, a dakata. Masu larurar Down kuwa, wadda ake haihuwar yaro da ita tana jinkirta masa girma da fahimta, sai an duba ƙashin wuyansu na sama tukuna.

Ana son goɗiya ko dandaƙaƙƙen doki mai sanyin hali, ba ingarma ba. Ga ɗanki, siririn doki ya fi, domin mai faɗin baya zai tale masa cinyoyi da ƙarfi, ciwon ya sa ya ƙara sandarewa. Mutum uku ake buƙata: ɗaya ya ja ragama, biyu a gefe, kowa ya ɗora hannu a kan cinyar yaron. Kuskuren da aka fi yi shi ne na gefe su tallabe shi gaba ɗaya, sai ya jingina ya daina aiki da jikinsa. Hular kwano daidai kansa wajibi ce, kuma kada a taɓa ɗaure shi a jikin dokin.

A fara da minti 10 zuwa 15, taku kawai ban da sassarfa, a ƙara a hankali zuwa 30. Da kin ga kansa na langaɓewa ko yana zamewa gefe guda, ya gaji, a sauke shi.

Ki tambayi takardar horon malamin da zai kula da hawan. A Amurka ƙungiyar PATH, mai kula da hawan doki ga masu larura, ke bayarwa, a Birtaniya kuma irin wannan ƙungiya mai suna RDA ke horar da nata malaman.