Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan zaman makarantar tauhidi ta Efiskofal

Salama a gare ka ƙanena, da sauran 'yan'uwa baki ɗaya. Na karanta tambayarka tun daren jiya, inda ka ce ka samu gurbin karatu a wata makarantar tauhidi ta Ikilisiyar Efiskofal, wato Angilikan ta Amurka, amma hankalinka bai kwanta ba, domin an gaya maka cewa a can an yi watsi da Littafi Mai Tsarki, kuma duk wanda ya je yakan dawo da takardar shaida a hannu, zuciya kuwa wayam. Ka roƙi wanda ya taɓa zama a cikinsu ya bayyana maka yadda rayuwar yau da kullum take. Ni na yi shekara biyu a makarantar tauhidi ta Bajiniya, wadda aka kafa a 1823 a garin Alekzandiriya, kusa da birnin Washinton, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Abu na farko da aka nanata mana a makon da muka isa shi ne cewa abubuwa uku ake bukata daga kowane ɗalibi: ya je aji, ya je sujada, ya kuma je cin abincin rana tare da jama'a. A lokacin na ɗauka na ukun ƙari ne kawai, sai daga baya na gane cewa a kan waɗannan duwatsun murhu uku aka ɗora tukunyar makarantar gaba ɗaya.

Bari in fara da sujada, tunda a nan ne tsoronka ya fi yawa. Littafin addu'arsu na 1979 ɗan gida ɗaya ne da wanda muka saba da shi a Angilikan, kuma duk wanda ya tashi yana jin addu'ar safe a Wusasa ko a wata majami'armu ba zai ɓata a cikinsa ba. Kowace rana ana yin addu'ar safe da ta maraice, ana kuma cin Jibin Ubangiji a kai a kai. Jadawalin karatun yau da kullum yana ratsa mafi yawan Littafi Mai Tsarki cikin shekara biyu, Zabura kuma ana zagaye ta cikin mako bakwai, sannan a sake komawa farko. Ban taɓa jin Nassi da yawa a kunnena kamar yadda na ji shi a waɗannan shekaru biyu ba, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ya girma a gidan katikis.

Akwai wata al'ada tasu da ta ba ni wuya da farko. A tsakiyar kowace ayar Zabura akwai ɗan tauraro da aka buga, kuma idan an kai wurinsa sai jama'a duka su yi shiru na tsawon numfashi ɗaya kafin su ƙarasa ayar. Makonnin farko muryata ce kaɗai take faɗawa cikin wannan shirun, domin na saba karatu da sauri. Sannu a hankali na koyi sauraron numfashin wanda ke kusa da ni. Wata rana a cikin hunturuna na farko, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, ga sanyi, ga kewar iyalina da na bari a gida, sai jadawali ya kawo mu Zabura ta 137, inda 'yan bauta a bakin kogunan Babila suke tambayar yadda za su raira waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. A cikin wannan ɗan shirun na tsakiyar aya hawaye suka zubo mini. Na yi wa'azi a kan wannan Zabura fiye da sau ɗaya a gida, amma sai ranar na ji ta a jikina.

Aji kuwa zai girgiza ka, kuma bai kamata in ɓoye maka ba. Za a koya maka Helenanci ko Ibrananci, za a kuma sa ka tambayi kowane littafi wa ya rubuta shi, yaushe, kuma domin su wa. Ina tuna ranar da malaminmu na Sabon Alkawari ya nuna mana cewa a tsofaffin kwafe guda biyu na ƙarni na 4, Bisharar Markus ta ƙare ne a sura 16 aya 8, inda matan suka gudu daga kabari cike da tsoro, ba su ce wa kowa kome ba, babu sauran ayoyin da ke ba da labarin bayyanar Almasihu bayan tashinsa. Daren nan barci ya ƙaurace mini. Washegari da safe na tarar da malamin nan durƙushe a majami'a yana furta zunubansa tare da mu, sannan ya miƙe ya faɗi Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, har da tashin Ubangiji daga matattu a rana ta uku. Na same shi a ofishinsa, ya zaunar da ni fiye da awa ɗaya, ya buɗe mini 1 Korantiyawa sura 15, wadda aka rubuta kafin Bisharar Markus, inda Bulus ya jera waɗanda suka ga Almasihu da rai. Ya kamata ka sani kuma cewa duk wanda za a naɗa a ikilisiyarsu sai ya furta a gaban jama'a, ya kuma sa hannu, cewa Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari Maganar Allah ce, kuma suna ƙunshe da duk abin da ake bukata domin ceto.

Duk da haka, waɗanda suka gargaɗe ka suna da dalilinsu. Ikilisiyar Efiskofal ta amince da naɗa mata firistoci tun 1976, abin da Ikilisiyarmu ta Najeriya ba ta yi. A 2003 suka naɗa Gene Robinson bishop, mutumin da a lokacin yake zaune a fili da wani namiji kamar ma'aurata, kuma wannan ne ya raba zumuncin da ke tsakaninsu da mu. A ƙarshen 2006 wasu majami'u a jihar Bajiniya, cikinsu har da wadda ke 'yan kilomitoci kaɗan daga makarantar, suka fice suka shiga ƙarƙashin kulawar Najeriya, a zamanin Akbishop Peter Akinola. A 2015 kuma babban taronsu ya halatta auren jinsi ɗaya. Don haka da zarar ka ce daga Najeriya kake, wasu sun riga sun san matsayin ikilisiyarka, kuma za su so su ji naka. Ni ban sauya matsayina a kan aure ba, na kuma faɗe shi a aji. Abin da ya sauya shi ne yadda nake faɗinsa, domin na koyi in kafa hujja daga Nassi maimakon in ɗaga murya, na kuma daina magana a kan mutane kamar ba sa cikin ɗakin.

A nan ne amfanin abincin rana ya bayyana gare ni. Wanda kuka yi zazzafar muhawara da shi da ƙarfe goma sha ɗaya, shi ne zai miƙo maka gishiri bayan awa biyu, washegari kuma ku sha daga ƙoƙo ɗaya a teburin Ubangiji. Wata 'yar ajinmu da ba mu taɓa yarda da juna a kan wannan batu ba, ita ce ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa ranar da aka aiko mini da rasuwar kawuna. Ta kawo miya a kwano, ta zauna ba ta ce uffan ba, kamar dai yadda ake zaman makoki a gida. Har yau ba mu daidaita a kan batun ba, har yau kuma ina sa sunanta a addu'a.

Makarantar ba ta ɓoye tabon tarihinta. An yi amfani da ƙarfin bayi a wurin, kuma baƙar fata na farko da aka karɓa ɗalibi, John Walker, sai a 1951 ya shiga, daga baya ya zama bishop na Washinton. A 2019 suka ware dala miliyan 1.7 domin biyan diyya ga zuriyar baƙaƙen da suka yi wa makarantar aiki a zamanin bauta da na wariyar launin fata. Tsohuwar majami'arsu ta 1881 ta ƙone a 2010, aka keɓe sabuwa a 2015, ragowar ganuwar tsohuwar kuma aka mai da ita lambun addu'a, inda na sha zuwa in zauna ni kaɗai.

Idan ka samu dama, kada horon asibiti ya wuce ka. Awa 400 ne na ziyarar marasa lafiya a ƙarƙashin mai kulawa, kuma yawanci a hutun bazara ake yinsa. Wani dare aka kira ni gefen gadon wani dattijo da ke gab da cikawa, 'yarsa ta roƙe ni in karanta masa Zabura ta 23. Na fara da Turanci, amma da na ga numfashinsa yana sarƙewa sai kalmomin suka ɓace mini, bakina ya koma ga abin da mahaifiyata ta koya mini: Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba. Na ƙarasa ta da Hausa har aya ta ƙarshe, 'yar tana riƙe da hannunsa, ni ina riƙe da ɗayan, kuma da na gama ita ce ta fara cewa amin.

Sauran al'amura za ka saba da su cikin wata biyu ko uku: abinci marar yaji, kiyaye lokaci har zuwa minti, da ɗalibai masu kiran malaminsu da sunansa tsagwaronsa, wanda ni ban iya ba har na dawo.

Shawarata mafi nauyi ita ce, kafin ka biya kuɗin biza ko ka amsa musu, ka je wurin bishop ɗinka da takardar gurbin a hannu, ka bayyana masa kome, ka kuma nemi izininsa a rubuce. Saboda rabuwar zumuncin da na ambata, ba kowane bishop ne zai yarda ba, kuma wanda ya tafi ba da albarkar dayosis ɗinsa ba zai sha wuyar samun wurin hidima idan ya dawo. Idan ya ce a'a, ka yi biyayya, ga makarantar Saint Francis a Wusasa, ga ta Bukuru. Idan kuma ya yarda, ka nemi dattijo ɗaya a gida wanda za ka riƙa kira kowane mako kana gaya masa abin da ka koya da abin da ya dame ka, sannan ka sa Littafi Mai Tsarki naka na Hausa a cikin jakar hannu, domin a ranakun da ake bikin al'ummai daban-daban sukan nemi ɗaliban ƙasashen waje su karanta Nassi da harshensu a gaban jama'a.