Kuɗin ko-ta-kwana: amsoshin masu shirin gina gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano. Shekara takwas ina tari, na haɗa da kwasar adashi da kuɗin gonar gado da na sayar, yanzu ina da naira miliyan 15. Magini ya yi mini lissafin ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki a kan miliyan 14 da rabi. Ragowar dubu 500 ta isa ko-ta-kwana, in fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a wannan tari, ya sa ka shiga gidanka lafiya. Amma ba zan ɓoye maka ba, dubu 500 ba ta isa ba, kuma ina tsoron tun kafin ka kai linta za ta narke.

Ɗauko takardar da maginin ya rubuta maka ka sake dubawa. Za ka ga bulo, siminti, yashi, tsakuwa, rodi, katako, kwano da kuɗin aiki. To nemi ruwa a ciki. Gini yana shan ruwa fiye da yadda mutane ke zato: na kwaɓi daban, na bayi daban, domin kankare yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7 kafin ya yi ƙwari yadda ya kamata. In babu rijiya a kusa, kullum kai da 'yan garuwa ne ko tanka. Nemi kuɗin dakon kaya da na masu saukewa. Nemi albashin maigadi, tunda buhun siminti ba ya kwana a kango shi kaɗai. Nemi sokawe, katanga, ƙyaure, turken lantarki da waya da mitar KEDCO, sannan kuɗin zane da izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. Yawancin abin da muke kira "abin da ya taso" ba tasowa ya yi ba, dama can yana nan, ba a rubuta shi ba ne kawai. Magini abin da hannunsa zai taɓa yake lissafawa, sauran kuwa kai ya barwa.

Abin da ba a iya sani sai an fara, shi ne ƙasa. Na taɓa tsayawa a bakin wani harsashi da ake haƙa a wata sabuwar unguwa, fili ne shimfiɗaɗɗe gwanin sha'awa. Lebura ya saka diga, bai kai gwiwa ba sai ga baƙar ƙasa mai ɗoyi, da leda, da fasassun kwalabe, da tsohon silifa ƙafa ɗaya. Ashe kududdufi ne aka cike da shara. Dole aka ci gaba da nutsawa har aka taras da ƙasa mai ƙarfi, aka ƙara layin bulo, aka ƙara rodi, aka yi ta sauke tifar ciko. Mai gidan yana tsaye riƙe da takardar lissafinsa, ya ninke ta ya sa a aljihu bai ce uffan ba. Kuɗin rufinsa ne ya shige ƙasa a gabansa. Don haka kafin ka sayi bulo ko ɗaya, je ka gaida dattawan unguwar ka tambaye su me ke wurin a da. Ka ziyarci filin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ka ga inda ruwan ke kwanciya. Ka biya lebura ya haƙa maka rami biyu ko uku, injiniya ya leƙa.

Masu lissafin gini sukan ce a ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A irin yanayin kasuwarmu ni 15 nake ba da shawara. A kuɗinka miliyan 2 da dubu 250 ke nan. Cire su tun yau, ka zuba a wani asusu daban wanda katinsa ba ya yawo a aljihunka, kuma kada magini ya san da su. Abin da kake da shi na gini miliyan 12 da dubu 750 ne, sai ka koma ka yanka zanen ya zo daidai da haka. Ka fitar da harsashin gidan duka, amma ka tayar da ɗaki ɗaya da falo da banɗaki ka rufe su. Tayil da silin na ado za su jira. Na fi son in ji ka tare a rabin gida mai rufi da a ce kana da kango mai ɗaki biyu da damina ke duka, kai kuma kana can kana biyan haya.

Doka ɗaya a kan kuɗin: ba a taɓa su don canza ra'ayi. In uwargida ta zo ta ga falon ya yi ƙanƙanta bayan an kai taga, rushewar da sake ginin ba ko-ta-kwana ba ne. Ku zauna da ita a kan zanen yanzu, ku je filin a ja igiya a zuba toka ta ga faɗin kowane ɗaki da idonta. Tun ran gini ran zane.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Gombe. Sai bayan wata takwas zan fara gini, amma tsoron tashin farashi nake ji. In sayi siminti buhu 300 yanzu in ajiye?

Amsa: Hajiya, tsoronki yana da dalili. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi. Buhun simintin da bai kai naira 6,000 ba a ƙarshen 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a watan Fabrairun 2024, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya yi lissafinsa a Disamba, Fabrairu ta zo ta tarar da shi a tsakiyar aiki.

Duk da haka kada ki ajiye siminti wata takwas. Yana zuƙar danshi ko daga iska, ƙarfinsa na raguwa, kuma in ya wuce wata uku ba a ba shi amana a ginshiƙi ko dekin. In damina ta ratsa, za ki buɗe sito ki tarar da buhunan da ke ƙasa sun zama dutse. Mayar da kuɗin kan abin da ba ya lalacewa. Sayi siminti kaɗan-kaɗan a buga miki bulo, a yi masa bayi sosai, a jera. Bulo yana jira. Sayi rodi, a ɗora shi a kan katako a rufe don tsatsa. Kwanon rufi ma yana jira, in dai an riga an auna. Kuma ke da kike kusa da kamfanin siminti na Ashaka, dakon siminti ba zai cuce ki kamar na nesa ba, sai ki bar na kankare da filasta sai sati biyu kafin aiki.

Wasu kan biya dila kuɗi su bar kayan a wurinsa. Ana yi, amma sai da rasit mai ɗauke da adadin buhu, ba adadin kuɗi ba, da shaidu biyu. In kin zo sayen tayil, ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan awon, domin yanka da fashewa na cin wani abu, kuma in kika koma kasuwa daga baya da wuya ki samu mai launi iri ɗaya sak.

Tambaya: Ina aiki a Legas, ƙanena ke tsaya mini a ginin da nake yi a Katsina. Jinga zan bayar ko biyan yini?

Amsa: Ɗan'uwa, tunda ba ka kusa, jinga, amma mataki-mataki: harsashi daban, zuwa linta daban, rufi daban. Biyan yini yana son ido, in babu ido aikin kwana uku ya zama na mako. Jinga kuma nata aibin gaggawa ne, shi ya sa za ka riƙe wani kaso na kuɗin kowane mataki har sai wani masani ya duba ya ce ya yi. Kayan aiki kai za ka saya da kanka daga wurin dila, ƙanenka ya ƙirga ya turo maka hoto ta WhatsApp a ranar da aka sauke. Shi ma ƙanen naka ka yanka masa kuɗin mai da na abinci a sarari duk mako, ka rubuta su a cikin lissafin ginin kamar yadda ka rubuta yashi.